Mai koyon maganin gargajiya da aikin raba mutane da taba: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na masu koyon maganin gargajiya ne a Tahoua da garuruwan Adar, ko a gaban uba ake koyon, ko a rumfar wani mai magani a kasuwa, ko a hannun ungozoma ko wanzami. Mutum da yawa sai ya fara zuwa wurinku kafin ya taka ƙofar likita, kuma cikin masu kawo kukan tari, ciwon ƙirji, hawan jini da raunin mazakuta akwai masu kwalin sigari a aljihu ko kullin taba a kumatu.

Mene ne ruwan mai maganin gargajiya da batun taba, ba aikin likitoci ba ne?

Aikin duk wanda majinyaci ke zama a gabansa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a duk shekara, kuma tana iya kashe rabin masu shanta idan ba su daina ba. A hayaƙin sigari akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Idan ka ba mai tari jiƙo na kwana bakwai, shi kuwa yana zuƙar kara goma kullum, ruwa kake zubawa a kwando. Ga kuma abin da kake da shi wanda ma'aikacin asibiti ba ya samu ko yaushe: ka san mutumin, ka san gidansu, kana da lokacin zama da shi a tabarma, kuma zai sake gilmawa ta gabanka ranar kasuwa.

Ɗalibai sun yarda taba na da illa. To mene ne ya rage a koya musu?

Sanin illa daban, iya taimako daban. Tun 2005 OMS da abokan aikinta suka yi ta binciken ɗaliban likitanci, jinya, haƙori da haɗa magani a ƙasashe da dama. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne mafi yawansu sun yarda cewa wajibinsu ne su shawarci mai shan taba ya daina, amma waɗanda aka zaunar aka koya wa yadda ake yi ba su kai rabi ba a galibin wuraren. Idan haka lamarin yake a makarantun da ke da manhaja a rubuce, mai koyo a gaban tsoho ya fi bukatar a faɗa masa dalla-dalla.

Abin da ya kamata ɗalibi ya iya kafin a bar shi da majinyaci shi kaɗai bai wuce wannan ba: ya tambayi kowa game da taba ba tare da jin nauyi ba, ya auna ƙarfin kamuwar mutum, ya ba da shawara a gajarce, ya taimaka a tsayar da rana, ya san wahalhalun makon farko tun kafin su zo, ya kuma gane alamar da ke cewa wannan na asibiti ne. Ba a koyon wannan da sauraro kawai. Ɗalibai biyu su zauna, ɗaya ya zama Alhajin da ya shekara talatin yana sha, ɗaya ya zama mai magani, maigidansu na gefe yana gyara musu lafazi. Sau biyar ko shida a haka, baki ya saba.

Idan shi ɗalibin ko maigidansa na shan taba fa?

A nan ake yawan samun cikas. Mai magani da ke shan sigari yakan kauce wa maganar gaba ɗaya, ko ya yi ta da sanyin jiki, majinyaci kuwa yana jin warin a rigarsa. Shawararmu ita ce ɗalibi ya fara da kansa, da matakan da ke wannan shafi. Kafin ya kai ga dainawa, kada ya sha a rumfa, kada ya karɓi kara daga hannun majinyaci, kada kuma ya yi shiru: yana iya cewa shi ma yana kan ƙoƙarin bari. Maigida kuwa ba a yi masa wa'azi. Ana neman izininsa ne a riƙa tambayar masu zuwa, a kuma roƙe shi a mai da wurin aiki inda ba a kunna taba.

Akwai ganye ko sassaƙen da ke cire sha'awar taba?

Babu wani jiƙo, gari ko turare daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu da aka gwada aka tabbatar yana raba mutum da nikotin, sinadarin taba da ke kama jiki. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, domin jarabar cewa "ga maganin barin sigari" tana da ƙarfi, kuma akwai kuɗi a ciki. Illar ita ce mutum zai dogara da kwalba, ya ƙi shirya kansa, ya koma sha a kwana na uku, sannan ya ce ko magani ma bai yi masa ba, shi ke nan ya fid da rai.

Wannan ba raina tsirrai ba ne. Ɗaya daga cikin magungunan da OMS ta amince da su a jagorar da ta fitar a 2024, sitisin, daga ƴaƴan wata bishiya ta Turai ake ciro shi, kuma a gabashin Turai ana amfani da shi tun shekarun 1960. Amma ƴaƴan bishiyar guba ne idan aka ci su haka nan. Ya zama magani ne bayan an tace shi, an auna shi ƙwaya-ƙwaya, an gwada shi a kan dubban mutane, aka tsayar da tsarin sha na kwana 25.

Abin da kayanmu ke iya yi shi ne shagaltar da baki da hannu. Asuwaki, kanumfari ɗaya a kumatu, ɗan yankin citta, aya, gyaɗa, ruwan sanyi a kurɓa a hankali. A ba da su da sunan abin rage zafi, a faɗi hakan ƙarara.

Sigarin ganye da turaren shaƙa fa, tunda babu taba a ciki?

Duk ganyen da aka ƙone aka zuƙi hayaƙinsa yana kai kwalta da iskar guba ta gawayi cikin huhu. Mafi haɗari shi ne zaƙami, wanda wasu ke ba masu asma su zuƙa: yana kawo bugun zuciya da sauri, bushewar baki, ruɗewa da gane-gane, yana kuma iya kisa. Kada a musanya sigari da shi, kada kuma a musanya da tiramol ko ƙwayar barci.

Tsofaffi suna sa ganyen taba a miki, a ramin haƙori, wasu har a yi wa yaro ɗura da ruwansa. A ci gaba?

A'a. Nikotin na ratsa fata da fatar cikin baki da hanji cikin sauƙi. Masu tsinkar ɗanyen ganyen taba a gona ma sukan kamu da jiri da amai don kawai ganyen ya jiƙa musu fata. Ɗura da ruwan taba tana iya kashe yaro, haka ma ƙaramin yaron da ya haɗiye kara ko guntayen sigari yana cikin haɗari. Alamomin gubar su ne dalalar miyau, amai, gumi, rawar jiki, daga baya kasala da wahalar numfashi. Wannan sai asibiti nan take, kada a tsaya ba da madara ko tsamiya. Taba a ramin haƙori tana ɗan kashe zafi, amma ruɓar na ci gaba a ƙarƙashi, dasashi kuma na ƙonewa.

Mai cin taba da kanwa ko mai shaƙar gari ai bai kai mai sigari ba?

Huhunsa ya tsira daga hayaƙi, bakinsa bai tsira ba. Kanwar da ake haɗawa ba don ɗanɗano kawai take ba: tana rage tsamin taba, sai nikotin ya fi saurin shiga jini. Shi ya sa mai kullin taba yakan kamu sosai, wani har da ita yake kwana a baki. Tabar ci na da alaƙa da ciwon daji na baki, na maƙoshi da na gaɓar cikin ciki da ke sarrafa sukari, tana janye dasashi, tana kuma cutar da ɗan da ke ciki.

Ɗalibi ya koyi duba baki da fitila: ɗaga leɓe, duba kumatu a daidai inda ake ajiye kullin, duba gefen harshe da ƙarƙashinsa. Farin tabo da ba ya gogewa, jan tabo, ƙulli, ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, duk na turawa asibiti ne ba tare da an shafa komai ba. Mata ma a tambaye su, har da furen taba da ake goga wa haƙora. Da yawa za su ce ba sa shan taba, gaskiya kuma suka faɗa, don ci suke yi. Sai a gyara tambayar.

Shisha fa? Samari na cewa ruwa na tace ta.

Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ake zuƙa da zurfi. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 20 zuwa 80, gawayin da ke sama kuma yana ƙara iskar guba mai hana jini ɗaukar iskar numfashi, wadda kan jawo ciwon kai, jiri da suma a rufaffen ɗaki. Ƙamshin tuffa ko na'a-na'a bai cire nikotin ba, kuma bakin tiyo ɗaya ne ke zagaya fada.

Yaya ake buɗe maganar da dattijo ba tare da rashin kunya ba?

A haɗa ta da abin da ya kawo shi, a kuma yi ta bayan gaisuwa ta ƙare, inda babu ƴaƴansa ko surukai. Misali: "Baba, ku yi mini haƙuri, kowa muke tambaya: kuna taɓa sigari, ko tabar ci, ko ta shaƙa?" Idan ya amsa: "To Baba, wannan tarin da ya hana ku barci, barin taba zai fi duk abin da zan ba ku amfani. Kun taɓa tunanin ajiye ta?" Ga mace: "Inna, ana sa taba a baki? Maigida yana sha a cikin ɗaki?" Shawarar ba ta bukatar fiye da minti uku. Tsoratarwa da zancen kabari ko kunyata mutum a gaban jama'a yakan sa ya daina zuwa, taba kuwa tana nan.

Idan ya ce bai shirya ba, kada a ja. A tambaye shi me yake samu a tabar, me kuma take ci masa. Lissafin kuɗi yakan yi aiki inda zancen huhu bai yi ba. A ce kara ɗaya dala biyar ne, yana shan goma: dala hamsin a rana, jika bakwai da rabi a wata, sama da jika 90 a shekara. Shi zai faɗi abin da wannan kuɗi zai saya a gidansa. Sai a bar shi, a sake tambaya in ya dawo.

Yaya ake gane wanda kamuwarsa ta yi tsanani?

Da tambaya biyu. Bayan ka farka, minti nawa kafin karan farko? Kara nawa a rana? Wanda ke kunnawa cikin minti 5 da farkawa, ko yake shan sama da 20, ya kamu ƙwarai. Wanda ke kunnawa kafin minti 30 su wuce shi ma jikinsa ya dogara da ita. Dalili shi ne nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, amma rabinsa na fita daga jini cikin kamar awa biyu, don haka mai sha ke wayar gari jikinsa na nema. Irin waɗannan su ne suka fi bukatar maganin asibiti tare da shawara.

Mutum ya ce ya shirya. Me za a yi, daki-daki?

A tsayar da rana cikin mako biyu, kada ta yi nisa har niyya ta huce. Ya gaya wa matarsa da aboki ɗaya da yake jin nauyinsa. Daren ranar ya fitar da sauran kwali, ashana da kyastu daga aljihu, ɗaki da akwatin babur, a wanke rigunan da suka riƙe wari. Sannan ku zauna ku lissafa lokutan da hannunsa ke tafiya aljihu da kansa: bayan tuwo, kan kofin shayi na farko a fada, jiran fasinja a tasha, bayan faɗa da wani. Kowane lokaci a sa masa abin yi. Bayan abinci ya tashi ya yi asuwaki nan take. A fada ya sauya wurin zama, ko ya ƙaurace mata na mako biyu, domin a nan ne aboki ke miƙo kara, ƙin karɓa kuma na da nauyi. Ya tanadi amsarsa tun daga gida: "Na gode, na ajiye."

Daga ranar, ko zuƙa ɗaya babu. Sha'awa na zuwa ne kamar guguwa, ta yi minti kaɗan ta wuce. Ya jinkirta, ya sha ruwa, ya ja numfashi a hankali sau goma, ya tashi ya taka. Kai kuma ka neme shi a kwana na biyu ko na uku, sai ƙarshen mako, sai mako na biyu, sai wata, sai wata uku. Yawancin masu komawa a makon farko suke komawa, don haka kiran waya na minti biyu a kwana na uku ya fi doguwar nasiha bayan wata.

Watan azumi dama ce babba, tunda mutum na yini bai sha ba. Kuskuren shi ne a sha ruwa a jera kara uku kafin sallar isha'i. A tsara abin da zai cika tsakanin buɗa-baki da asham tun kafin watan ya kama.

Waɗanne wahalhalu zai gamu da su, kuma yaushe za su wuce?

Saurin fushi, rashin natsuwa, rashin barci, yawan yunwa, taurin bayan gida, wani lokaci ƙaruwar tari yayin da huhu ke fitar da majina. Sun fi tsanani a kwana biyu zuwa uku na farko, suna raguwa cikin mako biyu zuwa huɗu. A faɗa wa mutum wannan tun da wuri, a faɗa wa iyalinsa ma, don kada a ce barin taba ya sa masa ciwo.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa, kuma ya shafi mutanenmu sosai. Hayaƙin taba na sa hanta ta yi saurin ƙone sinadarin da ke cikin shayi, kofi da goro mai hana barci. Da an daina, shayin da mutum ya saba sha sai ya fi ƙarfinsa: zuciya na bugawa, hannu na rawa, barci ya ƙaura, shi kuwa ya ɗora laifin a kan rashin sigari. A rage shayi da goro zuwa kamar rabi, a daina bayan la'asar. Haka wasu magungunan asma da na taɓin hankali ke taruwa a jini bayan an bar taba, don haka mai shan su ya sanar da likitansa. Ƙiba kan ƙaru da kilo huɗu zuwa biyar a shekarar farko. Tafiya a ƙasa da rage sukari a shayi na taimakawa.

A gaya masa ribar ma: cikin awa 12 iskar guba ta ragu a jini zuwa yadda ya kamata, tsakanin mako 2 zuwa 12 numfashi da gudun jini na gyaruwa, bayan shekara haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu da kusan rabi.

Ragewa zuwa kara ɗaya ko biyu bai isa ba?

Bai isa ba. Kara ɗaya a rana na ɗauke da kusan rabin haɗarin ciwon zuciya na mai shan ashirin. Ragewa na da amfani ne kawai idan tsani ce zuwa ranar da aka tsayar.

Me ya kamata ɗalibi ya sani game da magungunan farmasi?

Ba shi zai rubuta su ba, amma ya san yadda suke don ya gyara kuskure. Filastar nikotin na zuwa da ƙarfi uku, miligiram 21, 14 da 7. Mai shan sama da kara 10 yakan fara da 21 na mako shida, sai 14 mako biyu, sai 7 mako biyu. Ana manna ta da safe a busasshiyar fata marar gashi, a sauya wuri kullum. A zafin bazara gumi na ɓamɓare ta, sai a goge wurin ya bushe sosai a danna da tafin hannu. Cingam ɗin nikotin miligiram 2 ne ko 4, na 4 ga mai kunnawa cikin minti 30 da farkawa. Ba a tauna shi kamar na yara: a tauna a hankali har a ji yaji, a ajiye a kumatu, in yajin ya tafi a sake, na kamar minti 30. Mai taunawa da sauri yana haɗiye nikotin, ya samu shaƙuwa, ƙwannafi da tashin zuciya. Kada a sha kofi, zoɓo ko lemo minti 15 kafin a sa shi, tsami na hana shi shiga. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne amfani da kaɗan da kuma dainawa bayan mako ɗaya ko biyu. Ƙwayoyin barin taba, bareniklin da bufurofiyon, sai da takardar likita, bufurofiyon kuma haramun ne ga mai farfaɗiya. Mai ciki, mai shayarwa da wanda zuciya ta taɓa bugawa kwanan nan su ga likita tukuna. A saya a farmasi, kada a saya a farantin mai talla.

Yaushe ne za a ajiye jiƙo a tura mutum asibiti?

Tarin da ya wuce mako biyu, ko da ana cikin ƙurar hunturu, na bukatar gwajin majina a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, domin shan taba na kusan ninka haɗarin tarin fuka, kuma mai shi yana yaɗa wa gida. Jini a majina, rama ba dalili, gumin dare, dusashewar murya fiye da mako uku, wahalar haɗiya, ciwon maraƙi da ke zuwa in ana tafiya ya tafi in an tsaya, duk a tura. Ciwon ƙirji mai danna mutum yana sauka hannu, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki na gaggawa ne, kai tsaye babban asibitin jiha na Tahoua ko mafi kusa. Wanda baƙin ciki ya rufe shi bayan ya daina, har yana zancen gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai.

Ya daina wata biyu, ya koma. An yi asara ke nan?

Yawancin waɗanda suka rabu da taba sai da suka gwada sau da dama. A tambaye shi ina ne, da wa, me ya faru a ranar. Sau da yawa amsar biki ce, ko rasuwa, ko dawowar abokai daga ci-rani da kwali a jaka. A gyara shirin a daidai wurin, a tsayar da sabuwar rana cikin mako biyu.

Me dokar ƙasa ta ce, kuma ina ta shafi rumfar mai magani?

Nijar na cikin yarjejeniyar OMS ta yaƙi da taba, wadda ta fara aiki a 2005, kuma tana da doka mai lamba 2006-12 ta ranar 15 ga Mayu 2006, wadda ta taƙaita shan taba a wuraren jama'a da tallata ta. Wurin da ake duba marasa lafiya ya fi ko'ina cancantar zama babu hayaƙi, har da inuwar da ake jira. Kada a jera sigari ko garin taba a tebur ɗaya da magani, kada a aiki yaro sayen kara. Ungozoma mai koyo ta gaya wa mijin mai ciki ya fita waje can nesa da ƙofa in zai sha, domin hayaƙin na jawo haihuwar jariri marar nauyi da bakwaini, ga yara kuma ciwon huhu, ciwon kunne da tashin asma. Ƙungiyoyin masu magani na iya amfani da 31 ga Mayu, ranar yaƙi da taba ta duniya, da 31 ga Agusta, ranar maganin gargajiya ta Afirka, su gayyaci ma'aikacin CSI na unguwa ya zauna da ɗalibai, a yi gwajin tambayoyin nan baki da baki, a kuma amince da takardar da za a riƙa tura majinyaci da ita.